Gyaran tudun layin dogo ba tare da ƙara ɗumama duniya ba: darasin Birtaniya ga Maraɗi

Kamfanin Network Rail, wanda ke kula da layukan dogo na Birtaniya, ya ware fam miliyar 2 da miliyan 800, wato fiye da miliyar 2000 na kuɗin sefa, domin kare hanyoyin jirgin ƙasa daga ɓarnar canjin yanayi tsakanin 2024 da 2029. Kuɗin sun haura rabin kasafin shekara guda na Nijar. Kaso mai yawa daga ciki yana tafiya ne ga wani abin da fasinja ba ya ko kallo: ƙasar da aka tara ko aka yanka domin shimfiɗa ƙarafan jirgi, da magudanan ruwan da ke gefenta.

Sai dai aikin ya zo da wani ƙulli. Ruwan sama mai ƙarfi da zafin da ya wuce kima ne ke rusa waɗannan tuddai, kuma ɗumamar duniya ce ke ƙara musu ƙarfi. Gyaran da aka saba yi, da siminti da ƙarfe da ɗaruruwan kamyo na duwatsu, shi kansa yana fitar da iskar kabon da ke ɗumama duniyar. Injiniyoyin Birtaniya sun shiga neman yadda za su gyara ba tare da sun ƙara wa wutar itace ba. Amsar da suke samu ta shafi Nijar kai tsaye, tunda layin dogon da ake ginawa daga Kano a Maraɗi zai tsaya.

Ciko da yanka

Jirgin ƙasa ba ya iya hawan tudu mai tsauri kamar mota. Don haka masu gina layi sukan cike kwari da ƙasa har ya zama doguwar ganuwa, wannan shi ne ciko. Inda suka ci karo da tudu kuma sai su yanka shi, jirgi ya bi ta tsakiya. Network Rail na da irin waɗannan wurare fiye da 190,000 a kan layukan da tsawonsu ya kai kusan kilomita 32,000.

Akasarinsu sun haura shekara 150. Leburori ne suka gina su da shebur da baro da keken doki, a zamanin da ilimin ƙasa bai kai ko'ina ba. Ana zuba ƙasar ne kawai daga sama ba tare da daddaɓe ta ba, kuma gangaren ya fi tsauri a kan abin da za a yarda da shi a yau. Idan wuri ya lotsa, sai a ƙara masa tokar gawayin jirgi a ci gaba da tafiya.

A kudancin Ingila yawancin cikon na laka ne. Duk wanda ya san fadama ya san halin laka: da damina ta kumbura, da rani ta tsage. Kowace shekara da ta yi wannan kai da komo, ƙarfinta yana raguwa kaɗan, har ranar da gangaren zai sulale gaba ɗaya. A bazarar 2022, lokacin da zafi ya haura digiri 40 karon farko a tarihin ƙasar, lakar da ke ƙarƙashin layin da ke tsakanin Salisbury da Exeter ta bushe ta motse, ƙarafa suka karkace, dole aka rage gudun jirage da yawansu na tsawon makonni.

Ranar da magudana ta kashe mutum uku

Abin da ya girgiza hukumomi ya faru ne ranar 12 ga Agusta 2020 a Carmont, kusa da garin Stonehaven a Sikotilan. An tafka ruwan da ya kai kusan milimita 50 cikin sa'o'i uku. Wani jirgin fasinja da ya taso daga Aberdeen zuwa Glasgow ya tarar ƙasa ta zaftare a gabansa, aka umarce shi ya juya. A kan hanyar komawa ne ya hau tsakuwar da ruwa ya kwaso ya zuba a kan layi, ya kauce, ya bugi bangon gada. Direba da kwandasta da fasinja guda suka rasu, mutum shida suka ji rauni.

Rahoton hukumar binciken haɗurran jiragen ƙasa, wanda ya fito a watan Maris 2022, ya nuna tsakuwar ta fito ne daga wata magudanar ruwa da kamfanin Carillion ya gina tsakanin 2011 da 2012 ba bisa zanen da aka ba shi ba, kuma ba a riƙa duba sashenta na sama ba bayan an gama ta. A watan Satumba 2023 kotu ta ci Network Rail tarar fam miliyan 6 da dubu 700, kimanin miliyar 5 na sefa, bayan kamfanin ya amsa laifinsa. Tun kafin nan an naɗa kwamitoci biyu, ɗaya ƙarƙashin injiniya Robert Mair kan kula da ciko da yanka, ɗaya ƙarƙashin masaniyar yanayi Julia Slingo. Babban saƙon rahoton Mair na 2021 shi ne cewa ruwa ne tushen matsalar, kuma an daɗe ana yi wa magudanai riƙon sakainar kashi.

Ga mai karatu a Maraɗi ko Damagaram, milimita 50 a safiya guda ba wani labari ba ne a watan Agusta. Wannan kaɗai ya isa a tsaya a yi tunani.

Inda hayaƙin yake fitowa

A duniya baki ɗaya jirgin ƙasa na cikin hanyoyin sufuri mafi tsabta. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa yana ɗaukar kashi 8 cikin 100 na fasinjoji da kashi 7 na kaya, alhali kashi 2 kawai na makamashin sufuri yake ci. Amma wannan lissafi na tafiyar jirgin ne. Akwai wani kabon da ke ɓoye cikin ginin hanyar da gyaranta, kuma ko an mai da duk jirage masu aiki da lantarki, shi yana nan.

Misalin Hook, a kan babban layin da ya tashi daga Landan zuwa Basingstoke, ya nuna girman abin. A tsakiyar Janairu 2023 ciko ya sulale a tsawon mita 44, ya bar ƙarafan jirgi suna reto a iska. Kafin a fara gyara sai da aka buɗe hanyar mota ta cikin gonaki domin injuna su isa wurin. Aka kafa bangon ƙarfe mai tsawon mita 60, da faranta kusan 100 masu tsayin mita 12 kowanne, aka zuba duwatsu tan 9,000. Idan kamyo guda na ɗaukar tan 20, sawu 450 ke nan, zuwa da dawowa, ban da kwashe ruɓaɓɓiyar lakar. Layin bai dawo daidai ba sai ƙarshen Fabrairu. Duk wannan domin mita 44.

Hanyoyi uku ne kabon ke fita a irin wannan aiki. Na farko kayan gini: kowane tan na ƙarfe da aka narka ta hanyar da aka saba yana fitar da kusan tan 2 na iskar kabon, siminti kuma shi kaɗai yana da alhakin kusan kashi 8 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa, saboda dutsen farar ƙasa yana sakin iskar ne a lokacin da ake gasa shi. Na biyu jigila, ta kawo duwatsu daga nesa da kai tarkace juji. Na uku injunan aiki, katafila da injin haƙa da janareto, inda kowace lita ta gazuwal ke fitar da fiye da kilo 2 da rabi.

Gyaran gaggawa ya fi kowane tsada ta wannan fuska. Idan layi ya yanke, babu lokacin auna dabaru, abin da ya fi sauri shi ake ɗauka, kuma mafi sauri kusan kullum ƙarfe ne da dutse. Ga kuma fasinjoji da kaya da ke komawa kan motoci har a gama.

Matakala huɗu

Birtaniya ta sa a doka cewa nan da 2050 za ta daina ƙara kabon a sararin samaniya, Sikotilan kuma ta ce 2045. Tun 2013 wani nazarin ma'aikatar kuɗin ƙasar kan manyan gine-gine ya jera matakai huɗu da injiniya zai bi kafin ya zuba siminti: ya tambayi kansa ko za a iya barin ginin kwata-kwata, in ba zai yiwu ba, a rage girmansa, sannan a yi shi da dabara da kayan da ba su da kabon da yawa, daga ƙarshe a yi aikin ba tare da asarar kaya ko mai ba. Nazarin ya kuma nuna cewa rage kabon da rage kuɗi galibi tafiyarsu ɗaya.

A kan ciko da yanka, matakin farko yana nufin a hana rushewar tun kafin ta zo. Yashe magudana, cire ciyawar da ta toshe kwalbati, gyara ɗan tsagin da ruwa ya fara ci, duk aikin mutum kaɗan ne da kayan hannu. Network Rail ya ƙara da kafa ƙananan na'urori a kan gangare masu aika saƙo da zarar ƙasa ta fara motsi, da jirage marasa matuƙi da hotunan tauraron ɗan adam masu gano lotsawar da ido ba ya gani. Da wannan ake sanin wane gangare ne ke buƙatar aiki bana, wane ne zai iya jira, maimakon a bi su duka da ƙarfe.

Idan gyara ya zama dole, dabarar da ta fi rage hayaƙi ita ce a yi aiki da ƙasar da ke wurin. Ana haƙe lakar da ta jiƙe, a gauraya ta da farar ƙasa ƴar kaɗan, a mai da ita a daddaɓe hawa-hawa, wani lokaci da ragar roba a tsakanin kowane hawa. Ta haka an huta da sawun kamyo biyu, na kwashewa da na kawowa. Akwai kuma dogayen ƙusoshin ƙarfe da ake sokawa cikin gangare su riƙe shi, waɗanda ba su cin ƙarfe kamar bango. Masu bincike a jami'ar Newcastle sun ɓullo da wata hanya ta tura wutar lantarki mara ƙarfi cikin laka, ruwan ya taru a gefe guda a zuƙe shi, gangaren ya yi tauri ba tare da an kwashe ƙasa ko an sare itatuwa ba. An gwada ta a kan layin dogo a yammacin Landan. Inda dole sai an kawo duwatsu, ana ƙoƙarin kawo su da jirgin ƙasa, ƙarfen kuma ya zama wanda aka sake narkawa daga tsofaffin ƙarafa.

Babu maganin da ba shi da ɗaci

Kowace daga cikin waɗannan dabaru tana da iyakarta. Farar ƙasar da ake gaurayawa ita ma gasa ta ake yi, kuma tan guda nata yana fitar da kabon da ya kai na siminti. Ribar tana zuwa ne kawai idan abin da aka zuba kaɗan ne kuma ma'adinin duwatsu yana da nisa. Simintin da ake rage wa kabon ta hanyar haɗa shi da dattin masana'antar ƙarfe ya dogara ga manyan tanderun gawayi, ga shi kuwa na Port Talbot sun rufe a 2024. Man da ake tacewa daga tsohon man girki, wanda wasu ƴan kwangila suka koma zuba wa injuna a madadin gazuwal, yana shan suka saboda zargin ana cusa manja a cikinsa, wanda nomansa ke cinye dazuzzukan Asiya.

Batun itatuwa ma haka yake. Saiwoyinsu na riƙe ƙasa suna tsotse ruwa, amma manyan itatuwa a kan laka suna tsotsewa fiye da kima da rani har layi ya lotsa. In kuma aka share su duka, gangaren ya jiƙe da damina ya sulale. A 2018 sarar itatuwan da Network Rail ke yi ta jawo ce-ce-ku-ce har gwamnati ta sa aka yi bincike. Abin da aka fahimta shi ne kowane gangare da irin shukar da ta dace da shi, da kuma nisan da ya kamata ta yi da ƙarafa.

Sama da duka akwai rayukan mutane. Bayan Carmont, injiniyan da zai sa hannu a kan gyara yana da dalilin zaɓar bangon ƙarfen da aka san ƙarfinsa a kan sabuwar dabarar da ba ta yi shekara 20 a ƙasa ba. Wannan tsoro yana da hujja, kuma shi ne ke sa sauyin yake tafiyar hawainiya.

Abin da Madagaska ta yi da ciyawa

Ba ƙasashe masu kuɗi kaɗai ke da abin koyarwa ba. A farkon shekarar 2000 guguwa biyu sun afka wa layin dogo mai tsawon kilomita 163 da ya haɗa Fianarantsoa da gaɓar tekun gabashin Madagaska. Ƙasa ta zaftare a wurare kusan 280, jirgi ya tsaya na watanni. Kuɗin gina bangon kankare a duk wuraren babu su. Sai aka yi yarjejeniya da ɗaruruwan manoman da ke noma a gefen layin: su dasa layukan ciyawar jema a kan gangare, a tsakani su shuka itatuwan marmari da abin da za su ci, amfanin gonar kuma nasu ne. Saiwar jema tana nutsewa mita biyu zuwa uku a ƙasa, ta saƙe kamar taru. A damunan da suka biyo baya zaftarewar ta ragu ƙwarai, kuma manoman da a da noman su ke zaizaye gangaren suka zama masu gadinsa.

Layin da ke tahowa

A watan Fabrairu 2021 aka ƙaddamar da ginin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ne ke aikin, a kan kuɗi kusan dala miliyar 2 da Najeriya ta ɗauki nauyi. Tun bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, wanda ya tilasta wa kaya zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, ƴan kasuwar Maraɗi sun ƙara sanin darajar kowace ƙofa ta zuwa teku.

Wani zai ce me ya haɗa Nijar da lissafin kabon, ƙasar da ɗan cikinta ke fitar da kimanin kilo 100 a shekara, alhali na Birtaniya yana fitar da fiye da tan 4? Ta fuskar adalci maganar tana da ƙarfi. Amma a aikin ciko, kabon sunan wasu abubuwa ne da kowa ya san farashinsu: gazuwal, siminti, ƙarfen da ake sayowa daga waje, kayan gyaran kamyo. Duk gyaran da ya rage hayaƙi ya rage kuɗin da baitulmali zai fitar. Kuma manyan bankunan raya ƙasa da ake neman bashi wurinsu sun riga sun sa batun yanayi cikin sharuɗɗansu.

Sabon ciko da aka daddaɓe da injin zamani ya fi na Turawan ƙarni na 19 ƙarfi nesa ba kusa ba. Abokin gabarsa a nan shi ne ruwan da ke sauka lokaci guda a kan ƙasa mai rairayi, ya tsaga ƙorama cikin dare ɗaya. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa ya biyo ta Jibiya da Madarunfa, yankin da layin zai ratsa. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018 ta kashe mutum fiye da 40. Damunar 2024 ta kashe fiye da 300 a Nijar, ta shafi fiye da mutum miliyan guda, jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma ruwa ya yanke manyan hanyoyin fita Yamai na kwanaki. Dogon ciko da ya gitta hanyar ruwa madatsa ne. Idan kwalbatocinsa sun yi ƙanƙanta ko yashi ya toshe su, ruwan zai taru ya koma gonaki da gidajen da ke sama, ko ya fasa ya afka wa na ƙasa.

A nan Nijar tana da jarin da Birtaniya ba ta da shi. Manoman Maraɗi da Tawa da Damagaram sun shafe shekaru 40 suna koyon tsai da ruwa a inda ya sauka, da jerin duwatsu, da ramukan rabin wata, da tassa, da layukan gamba, da sassaben zamani da ya faro daga jahar Maraɗi ya mai da itatuwa kan kadada kusan miliyan 5. Duk ruwan da aka tsayar a gonakin da ke saman layi, ruwa ne da ba zai zo ya ci gindin ciko ba. Jema da gamba duka ƴan gida ne. Aikin yashe kwalbati kafin damina da dasa ciyawa a gangare aiki ne da ƙungiyoyin ƙauyukan da ke kan hanyar za su iya ɗauka da kwangila, kuɗin ya zauna a karkara. Ramukan da aka haƙi ƙasar ciko kuwa, in an tsara su, za su zama tabkin shayar da dabbobi. In an bar su haka nan, su zama gidan sauro da tarkon yara.

Raunin Nijar yana wajen hukuma. Ƙasar ba ta taɓa tafiyar da jirgin ƙasa na kasuwanci a cikin iyakarta ba. Ƙungiyar haɗin gwiwa da Benin da aka kafa a 1959 jirginta a Parakou ya riƙa tsayawa, daga nan kamyo ya riƙa ɗauka. Layin Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa aka buɗe a Janairun 2016, bai yi jigilar kasuwanci ba, yana nan kwance ruwa da yashi suna cinsa. Gazuwal da siminti da ƙarfen da aka zuba a ciki sun tafi ba tare da sun sauke kamyo ko guda daga kan hanyar Doso ba.

Don haka tambayoyin da ya kamata majalisun ƙananan hukumomi da ƙungiyar ƴan kasuwa ta Maraɗi su gabatar wa magabata tun yanzu a fili suke. Wa zai kula da guntun layin da ke cikin Nijar, kuma daga wane asusu? Da ruwan waɗanne shekaru aka auna girman kwalbatoci, na shekarun fari ko na damuna irin ta 2024? Wa zai binciki cewa abin da aka gina ya yi daidai da zane kafin a karɓi aiki, tunda rashin wannan binciken ne ya kashe mutane a Carmont? Kuma wane matsayi aka tanadar wa manoman da layin ya ratsa gonakinsu? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙara faɗin kwalbati a lokacin da injuna ke wurin abu ne mai sauƙi. Bayan jirgi ya fara tafiya, sai an tsai da shi an fasa ciko kafin a yi.